Akori-Kura Da Akwatin Wufa: Awo Kafin Zarto

'Yan'uwana ɗalibai, na san wasunku za su tambaya, mene ne haɗin mujallar ƙungiyarmu da akwatin katako? Ku yi mini haƙuri kaɗan. Hutun da ya wuce a gidan kawuna na yi shi, a unguwar GRA ta birnin Katsina, kuma kusan kowane dare, bayan an idar da sallar isha'i, sai wata akori-kura ta ratsa layinmu ɗauke da wani akwati a baya wanda girmansa ya kusa kai na firji. Waƙar da ake sawa ban taɓa tsintar ko kalma ɗaya daga cikinta ba. Abin da ke iso mana cikin ɗaki shi ne wani irin dum-dum mai taɓa ƙirji, gilasan taga su yi ta kaɗawa, kwanukan da ke jere cikin kabad su amsa, kakata kuwa, wadda hawan jini ya kwantar, ta farka tana salati.

Da abin ya ishe mu na je na sami mai motar. Na tarar da saurayi mai ladabi, ba irin wanda na zana a raina ba. Ya ba da haƙuri, sa'an nan ya faɗa mini abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ya ce shi kansa abin bai gamshe shi ba: kuɗi ya kashe masu yawa, lasifika biyu sun ƙone, batir ya mutu sau biyu, kuma in yana zaune a gaba yana tuƙi ba ya jin daɗin kiɗan, sai ƙarar ƙarfen mota. Watau ya hana unguwa barci, shi kuma bai sami abin da ya biya ba. Ra'ayina shi ne, wannan hasara biyu tushenta ɗaya, rashin awo, kuma mu da ake koya wa lissafi da kimiyya da kuɗin talakawa muna da kamasho a cikin laifin.

Ɗora lasifika a kan mota ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun ga motocin majigi na zamanin En'e suna zagaya ƙauyuka, mai bayani na magana ta amsa-kuwwa. A siyasar 1979 motocin NPN da na PRP sun cika garuruwan tsohuwar Jihar Kaduna da kirari, galibinsu ƙirar Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Masu tallar magani har gobe suna nan a bakin kasuwa. Amma duk waɗannan da lasifika mai bakin kakaki suke aiki, kuma sun yi daidai, domin magana suke so a ji. Muryar mutum, gwargwadon abin da kunne ke bukata ya gane kalma, tana tsakanin girgiza 300 zuwa 3,400 ne a cikin sakan ɗaya, iyakar abin da tsohuwar wayar tarho ke ɗauka ke nan. Wannan ma'auni na girgiza a sakan shi ake kira haz. Sabon abin da ya shigo shi ne wufa, lasifikar da aka yi don amon ƙasa kaɗai, wanda samari ke kira bes, daga haz 20 zuwa wajen 100. Wufa ba ta ƙara wa magana kome. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya lafta wufa shida a bayan Hilux don a ji manufofinsa, ya sayi girgiza ƙasa ne kurum, manufofin kuwa suna nan inda ya bar su.

To, me ya sa wufa ke bukatar akwati? Ku ɗauki lasifika tsirara ku sa mata kiɗa, za ku ga takardarta tana rawa gaba da baya, amma amon ƙasa ba ya fita. Dalili kuwa shi ne, sa'ad da fuskarta ta tura iska gaba, bayanta yana zuƙo iska ne, sai iskar gaban ta zagayo ta gefe ta cike gurbin bayan, su kashe juna. Ga siririn amo wannan ba ya faruwa sosai, domin zangonsa gajere ne. Amma sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, saboda haka zangon amo mai haz 40 ya haura mita 8, lasifika mai faɗin inci 12 kuwa ba kome ba ce a gabansa. Aikin akwati na farko shi ne ya raba gaba da baya. Aikinsa na biyu ya fi wannan zurfi: iskar da aka rufe a ciki tana zama tamkar sifirin, tana riƙe takardar lasifikar, kuma yawan iskar nan shi ke yanke hukuncin irin amon da zai fita.

Kakanninmu sun san wannan da hannu tun kafin a rubuta shi a takarda. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ɗan ƙaramin ciki gare shi, irin na gwangwanin kifi, amonsa siriri ne mai tsini. Tambarin fada kuwa ƙaton ciki gare shi, shi ya sa ake jin sa a ƙirji tun daga nesa. Masassaƙin da ya fafe icen kalangu bai yi shi da ka ba, ya gaji awon ne daga ubansa. Abin takaici, da muka zo kan akwatin lasifika sai muka yar da wannan ladabi na awo, alhali kuwa a nan ma an riga an yi mana aikin. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana irin lasifikar da muke amfani da ita yau a 1925. A 1954 Edgar Villchur ya nuna cewa ƙaramin akwati rufaffe ruf yana iya ba da amon ƙasa mai tsabta in an ƙera lasifikar dominsa. A 1961 wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, ya fitar da lissafin akwati mai hanci, sa'an nan Richard Small ya faɗaɗa shi a Jami'ar Sidni a farkon shekarun 1970. Tun daga lokacin, duk lasifikar kirki tana zuwa da lambobinta a takarda, kuma uku daga cikinsu sun isa a fara aiki: Fs, watau amon da lasifikar ke rawa a kansa in tana tsirara, Vas, watau yawan iskar da taurinta ya yi daidai da taurin lasifikar, da Qts, wadda ke nuna yadda take saurin tsayawa bayan ta motsa.

Bari in ba da misali, don kada a ce surutu nake yi. A ce lasifika tana da Fs na haz 30, da Vas na lita 60. In ka sa ta cikin rufaffen akwati mai lita 60, amonta zai hau zuwa wajen haz 42. In ka matse ta cikin lita 20, sai ya hau zuwa haz 60, kuma duk abin da ke ƙasa da nan ya fara zubewa. Lissafin bai wuce raba Vas da girman akwati, a ƙara ɗaya, a ɗauki saiwar murabba'i, a ninka da Fs ba. Ɗan aji uku na sakandare zai iya. In kuma ka zarce ka yi akwatin ya fi ƙima, sai iskar ta yi sakwa-sakwa, ta kasa riƙe takardar, ƙarfi kaɗan ya sa ta wuce iyakarta. Wannan na ƙarshe shi ne ciwon akwatin maƙwabcinmu, domin shi da kafintansa sun ɗauka girman akwati shi ne girman amo.

Akwati mai hanci kuwa, wanda samari suka fi so domin ya fi ƙara, ya fi rufaffe wuyar sha'ani. Duk wanda ya taɓa hura bakin kwalba ya ji ta yi kuka ya san asalinsa. Bajamushen nan Helmholtz ya yi bayaninsa tun cikin shekarun 1860. Iskar da ke cikin hancin tana rawa a kan iskar da ke cikin akwatin, kuma faɗin hancin da tsawonsa da girman akwatin su ke tsai da amon da za a ƙarfafa. Huda rami da ka, don an ga na wani yana da rami, caca ce. In hancin ya yi ƙunci sai ya riƙa fito kamar maƙogwaron mai asma. Mafi muni, a ƙasa da amon da aka saita hancin a kansa akwatin ba ya riƙe lasifikar ko kaɗan, tamkar tsirara take, kuma a nan ne take yagewa. Shawarata ga mai koyo ita ce ya fara da rufaffe, domin yana yafe kuskure.

Na bi saurayin nan zuwa wurin kafintan da ya yi masa aikin, wani dattijo mai hannu, wanda in ka ga ƙofar da ya haɗa sai ka yi sha'awa. Na gaishe shi, na ce, “Baba, da wane awo aka yi akwatin nan?” Ya yi dariya ya ce, “Yaro, awon bayan motar mana. Ya ce in cika masa ita, na cika.” Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abin da aka tambaye shi ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Da na zauna na nuna masa lissafin a bayan kwalin ƙusa, kafin in gama ya riga ni gano wani abu da ni ɗan jami'a na manta: kaurin katako. Akwatin da zai shiga bayan kujerar akori-kura dole ya zama mai faɗin gindi da tsukakken sama, don ya bi jinginar kujera. A ce faɗinsa santimita 80, tsayinsa 35, zurfinsa kuwa 18 a ƙasa da 10 a sama, watau 14 in an raba daidai. In ka ninka waɗannan za ka sami lita 39. Amma wannan awon waje ne. Da katako mai kaurin milimita 18, abin da ya rage a ciki bai wuce lita 25 ba, daidai da jarkar ruwa guda, kuma ba a cire wurin da maganaɗisun lasifikar da katakon tokare za su ci ba. Sulusin iskar ya tafi ke nan tun ba a ɗora zarto ba.

Sauran sharuɗɗan duk kafinta ya fi mu sanin su, in an gaya masa dalili. Katakon ya zama mai kauri, a tokare shi daga ciki don kada bangon akwatin ya riƙa rawa yana ƙara nasa amon. A haɗa da gam da sukuru, a toshe kowace kafa, har ramin da waya ta bi, domin rufaffen akwati mai yoyon iska ya tashi daga aiki. Katakon MDF yana da daɗin yanka kuma ba ya amsa amo, amma ruwa abokin gabarsa ne, damina ɗaya a buɗaɗɗen bayan mota ta isa ta kumbura shi ya zama kamar burodi. Filawud mai kyau ya fi jurewa. Kada kuma a manta ranar Katsina ta watan Afrilu, wadda kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke shiga ta hancin akwati ta kwanta a cikin lasifika.

Wannan ya kawo ni ga babbar maganata: wurin akwatin wufa cikin mota ne, bayan kujera ko ƙarƙashinta. Kimiyya da ladabi sun haɗu a kan haka. Gidan direba ɗan ƙaramin ɗaki ne, ya fi zangon amon ƙasa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka lasifikar tana matsa iskar ɗakin ne baki ɗaya, kuma gwargwadon yadda amon ya yi ƙasa, gwargwadon yadda ɗakin ke ƙara masa ƙarfi. Abin da rufaffen akwati ke zubarwa a ƙasa, gidan direba yana mayar da mafi yawansa kyauta. Shi ya sa wufa ɗaya mai inci 10, da amfilifaya matsakaiciya, kan ƙosar da mai mota. A buɗaɗɗen baya kuwa babu wannan kyauta. Amon yana watsewa ko'ina, kuma tsakaninsa da direba akwai ƙarfe da gilashi. Sai mai mota ya yi ta ƙara wuta yana neman abin da ba zai samu ba, ga shi kuwa ninka wuta sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wutar kusan sau goma. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wutar nan kuma daga ina? Amfilifaya mai wat 600 na gaskiya, a kan batir mai bolt 12, tana jan amfiya 50 ko da ba a yi hasarar kome ba, kuma ba a taɓa rasa hasara. Na ce na gaskiya, domin lambobin dubu uku da dubu biyar da ake bugawa a jikin kwali da manyan haruffa na talla ne. A nemi lambar da aka rubuta RMS a gefenta. Siririyar waya in ta ɗauki irin wannan wuta zafi take yi, in kuma babu fis kusa da kan batir, ranar da ta goge a jikin ƙarfe sai dai a kira 'yan kwana-kwana. Haka nan akwati mai kilo 15 ko 20 da ba a ɗaure shi da jikin mota ba, in aka taka birki da ƙarfi a hanyar Kano ko ta Daura, makami ne a bayan mai tuƙi.

Yanzu ga wani abu da mai adawa zai faɗa, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Zai ce, in ka koya wa samari yin akwati mai kyau, ai ka ƙara musu ƙarfin damun mutane ne. Lalle akwatin da aka auna ya fi wanda ba a auna ba fitar da amon ƙasa, kuma amon ƙasa shi ne wanda bango ba ya tarewa. Siririn amo katanga da itatuwa suna shanye shi, shi ya sa ba mu taɓa jin baitin waƙar ba, amma dum-dum ɗin yana ratsa bulo. Ilimi kaɗai ba ya sa mutum ya ji kunyar maƙwabci, wannan na yarda. Sai dai wanda ya gane cewa a cikin mota zai sami abin da yake nema da kwatan kuɗin, ba shi da sauran dalilin ɗora firji a baya, in ba neman a kalle shi ba. Mai neman a kalle shi kuwa, maganinsa na iyaye ne da hukuma. Doka tana nan: an kafa hukumar NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin hana hayaniya na ƙasa, masu iyakance ƙara a unguwannin zama, na dare ƙasa da na rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 30 a ɗakin barci da dare. Amma ga wani lungu da ya kamata 'yan'uwanmu masu karatun shari'a su duba. Awon da aka saba yi da na'urar auna ƙara, wanda ake yi wa alamar A, yana rage wa amo mai haz 40 kusan desibel 35 kafin ya nuna lamba. Watau na'ura za ta iya cewa lafiya lau, alhali gilashin taga yana rawa.

Shi kansa mai motar ba ya tsira. Ma'aunin da aka fi bi a wuraren aiki shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 abin ya koma minti 15. Gashin cikin kunne da ƙara ta kashe ba ya sake tsirowa, kuma alamar farko ita ce wannan ƙugi da mutum ke ji bayan ya kashe kiɗa.

Kada wani ya ɗauka ina kare barcin manya ne don na kwana a GRA. Unguwar nan Turawan mulki suka yanka wa kansu a wajen ganuwa, kuma dokarsu ta garuruwa ta 1917 har tazarar yadi 440 ta tanada tsakanin irin waɗannan unguwanni da na 'yan ƙasa. Filaye masu faɗi da inuwar itatuwa gadon wannan wariya ne. In har amon akwati guda ya ratsa duk wannan ya tashi tsohuwa, to, ku ƙiyasta halin mutanen Rafindaɗi ko Gambarawa ko Sabuwar Unguwa, inda bangon ɗakin kwana shi ne bakin titi, kuma ba su da lambar wayar wani babba da za su kira.

Sai na komo kanmu. Katsina tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma. Kowace shekara muna rubuta jarrabawa a kan zangon sauti da dokar Ohm, mu ci, mu manta, kafinta yana bakin titi yana yanka katako da ka. A Kingston ta Jamaika, cikin shekarun 1940 da 1950, masu gyaran rediyo da kafintoci ne suka haɗa kai suka ƙera kayan kiɗan titi. Ɗaya daga cikinsu, Hedley Jones, ya koyo ilimin na'urar rada a rundunar sojan sama ta Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo gida ya zuba shi cikin amfilifayar da ke raba amon ƙasa da na sama. Daga wannan haɗin kai aka sami sana'ar da ta zagaye duniya. Ban ce mu kwaso hayaniyarsu ba. Abin koyi shi ne mai ilimin bai ga ƙasƙanci a tsugunawa kusa da mai zarto ba. Mene ne zai hana ƙungiyarmu, tare da ɗaliban fiziks da na injiniya, ta buga takarda guda da Hausa, mai jadawalin girman akwati ga lasifikokin da aka fi samu a kasuwa, da kaurin waya, da girman fis, a raba wa kafintoci da masu wayarin mota? Kuɗinta bai kai na lemon da ake sha a taron majalisar ɗalibai guda ba.

Shi dai maƙwabcinmu, bayan doguwar muhawara, ya yarda a gwada. Dattijon nan ya haɗa masa rufaffen akwati na filawud ga wufa ɗaya mai inci 10, aka ɗaure shi da ƙusoshi huɗu bayan kujera, aka sa waya mai kauri da fis a kan batir. Tsohon akwatin kuwa an cire masa lasifikokin da suka rage, an sa masa ƙofa da 'yar kwaɗo, yanzu mahaifiyarsa ke ajiye masara a ciki. Ya gaya mini har yanzu abokansa suna yi masa ba'a, wai motar ta yi sanyi, kuma da suka je rakiyar ango a watan jiya bayan motar wani suka hau.